Kes ɗin had disk ya ƙi fitowa a kwamfuta: ba kullum laifin direba ba ne

Duk sanda hutu ya gabato ɗalibanmu na Madina suka fara ɗaure kaya, ko wani ɗan uwa a Jidda ya canza laftof, tambaya ɗaya ce take yawo: na cire had disk daga tsohuwar kwamfuta na sa shi a kes, na jona, fitila tana kamawa amma ba ya fitowa, wane direba zan sauke? Kes shi ne ɗan gidan da ake sa had disk a ciki a jona shi ta USB, direba kuma manhajar da take sa kwamfuta ta iya aiki da na'ura. To gaskiyar magana a mafi yawan lokuta babu wani direba da za ka sauke. Kuma abin da ya sa maganar nan take damuna shi ne abin da yake biyo baya, mutum ya gaji da neman direba, kwamfuta ta nuna masa saƙo wai a yi fomatin, ya danna, shikenan darussan da ya tara shekara da shekaru, littattafan manhajar Shamila, risalar kammala karatu da yake rubutawa, hotunan iyali, duk su tafi, alhali disk ɗin lafiyarsa ƙalau.

Ka buɗe kes ɗin ka duba cikinsa tukuna. Za ka ga ɗan siririn allo kore, gefe ɗaya yana da dogon baki mai gida biyu inda disk yake shiga, ƙaramin gidan mai fil 7 na bayanai ne, babban mai fil 15 na wuta ne, ɗaya gefen kuma ramin USB. A tsakiya akwai wani ɗan baƙin aisi (IC, wato cip) mai kusurwa huɗu, in ka haska da fitilar waya za ka ga rubutu a kansa, galibi JMicron ko ASMedia ko Realtek, da lamba irin su JMS578 ko ASM1153E. Wannan aisin shi ne kes ɗin gaba ɗaya, sauran roba ce da ƙarfe. Aikinsa tafinta ne. Kamar alhajin da ya zo daga gida aka kai shi asibiti a Makka, likita na Larabci shi yana Hausa, sai da na uku a tsakani. Disk yana magana da yaren SATA ko NVMe, kwamfuta kuma ta ramin USB umarnin wani yare mai suna SCSI take turowa, aisin ne yake juya wannan zuwa wancan. In tafinta ya kasa, likita da marar lafiya duk lafiyar bakinsu ƙalau amma magana ba ta isa ba.

Daga nan za ka gane dalilin da ya sa neman direba da sunan kamfanin da aka buga a jikin kes ɓata lokaci ne. Kamfanoni da yawa aisi ɗaya suke saye su sa masa riga daban. Ita kuwa kwamfuta ba ruwanta da rigar, abin da take tambaya in an jona shi ne kai wane iri ne, kes ya ce ni ma'ajiya ce, sai ta ɗauko direban da yake cikinta tun asali. A Windows guda biyu ne, usbstor.sys da uaspstor.sys. A Linux ma biyu ne, usb-storage da uas. Mac ma tana da nata a ciki. Shafukan nan da suke cewa ka sauke manhajar da za ta gyara maka duk direbobi da dannawa ɗaya, don Allah ka bar su, ba abin da suke ƙara maka sai talla da tarkace, wani lokacin har da cuta.

Inda maganar direba take da gaskiya shi ne Windows 7. Ita ta fito a 2009 ba ta san USB 3.0 ba sam, sai an sa mata direban mai kula da ramukan daga kamfanin da ya ƙera shi, Intel ko Renesas ko wani. Shi ya sa wanda ya sayi tsohuwar laftof a Haraj, kasuwar kayan hannu, aka sake mata Windows 7 zai ga shuɗin rami na USB 3.0 ya mutu, baƙin na USB 2.0 yana aiki. Amma ka lura, wannan direban na kwamfutar ne, ba na kes ba. Daga Windows 8 ta 2012 zuwa yau abin yana zuwa a ciki.

To me ya sa direbobin suke biyu biyu? Saboda hanyar magana biyu ce. Tsohuwar ana ce mata BOT, tun 1999 take, ita umarni ɗaya take aikawa, a jira bayanai su wuce, a jira amsa cewa an gama, sannan a aika na gaba. Zamanin filashi da USB 2.0 wannan ya wadatar. Sabuwar ita ce UAS, a kwali za ka ga an rubuta UASP, ta zo ne da zamanin USB 3.0, tana barin kwamfuta ta jera umarni da yawa lokaci guda, kuma hanyar umarni daban, ta amsa daban, ta bayanai daban. A kan disk mai juyawa bambancin ba wani mai yawa ba ne, amma a SSD, wato disk marar faifai mai juyawa, kana gani da idonka, musamman in ƙananan fayiloli ne dubbai irin na Shamila ko hotuna. Kuma galibi ta UAS ne umarnin TRIM yake samun wucewa, wanda shi ne yake gaya wa SSD wuraren da aka goge don kada ya yi nauyi a hankali, shi ma sai in aisin ya yarda ya wuce da shi.

Matsalar ita ce ba kowane aisi ne ya iya UAS da kyau ba, wani zai ce ya iya, in aka ɗora masa kaya sai ya rikice. Alamarta daban take da sauran: disk yana fitowa lafiya, kana buɗe fayil lafiya, amma da ka fara kwafin abu mai nauyi sai gudun ya faɗi zuwa sifili, ya tsaya cak, can ka ji ƙarar nan ta cirewa da jonawa, ya ɓace ya dawo. In kana son ka san da wace hanya yake magana, buɗe Device Manager, wanda Windows ɗinsa ta Larabci ce zai ga Idaratul Ajhiza. In ka ga USB Attached SCSI a ƙarƙashin Storage controllers to UAS ce, in kuwa USB Mass Storage Device ka gani a jerin USB to BOT ce. A Linux umarnin lsusb -t zai nuna maka uas ko usb-storage a gaban na'urar. Gwaji mai sauƙi shi ne ka mayar da shi ramin USB 2.0, a nan galibi yana komawa BOT, in kwafin ya tafi sannu a hankali har ƙarshe bai yanke ba to ka fara zargin aisin. Masu Linux suna da magani kai tsaye, ana rubuta usb-storage.quirks da lambar na'urar a ƙara harafin u a ƙarshe, ma'ana a hana wannan kes ɗin amfani da UAS. Masu ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4 sun sha wannan sosai da wasu adaftocin SATA, kuma ita kanta Linux tana ɗauke da jerin na'urorin da aka san suna da wannan hali. A Windows ba a sauƙaƙe shi haka ba, ni dai shawarata a nan ka kwashe kayanka ta hanyar da ba ta yankewa, sannan ka canza kes.

Amma kafin ka kai ga zargin UAS akwai abin da ya fi shi yawa nesa ba kusa ba, wato wuta. Ramin USB 2.0 a ƙa'ida 500 mA yake bayarwa, na USB 3.0 kuma 900 mA, duka a kan 5V. Ƙaramin disk na laftof mai inci 2.5 lokacin da zai tayar da faifansa yana iya neman kusan amfiya ɗaya, wato 1000 mA, in ya tashi sai buƙatar ta ragu. Ka kara shi a kunnenka ka saurara. In ka ji ya fara juyawa, zuuu, sai ƙit, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa, ko wani ɗan siririn kuka kamar yana ƙoƙari ya kasa, sau da yawa wuta ce ba ta ishe shi ba. Cire shi daga hob ɗin nan mai ramuka huɗu da ba shi da cajarsa, jona kai tsaye, in babbar kwamfuta ce ka zagaya ramukan baya ka bar na gaba, in laftof ce ka sa ta a caji. Tsofaffin kes suna zuwa da waya mai kai biyu, ba ado ba ne, kan na biyu ƙarin wuta yake ɗaukowa.

Babban disk mai inci 3.5 shi kam ba ya tashi da USB ko kaɗan, 12V yake so, dole sai da adaftarsa. A nan ina roƙonku ku kula, wallahi abin tausayi ne. Bakin cajar wasu laftof yana shiga ramin kes daidai, amma ita 19V take fitarwa. Mutum adaftarsa ta ɓace wajen tashi daga wannan sakan, wato masauki, zuwa wancan, ya ga wata ta shiga, ya jona, sai ƙauri. Karanta rubutun jikin adafta kafin ka sa, 12V kake nema, galibi 2A. Wutar bango kuwa ba matsala, yawancin adaftocin suna karɓar 100 zuwa 240V, kuma soket mai ƙafa uku na nan Saudiyya irin na Najeriya ne, wanda zai koma gida da shi ba sai ya canza kai ba.

Sai waya. Ƙananan kes na USB 3.0 suna da wani faffaɗan rami mai ɗan lotsawa a tsakiya, kamar ramuka biyu ne aka haɗe. Tsohuwar wayar cajin Android tana shiga rabinsa, kuma zai yi aiki, amma a matsayin USB 2.0, gudun ba zai wuce wajen 30 zuwa 40 MB a daƙiƙa ba. Irin wannan ramin ma saurin sakwarkwacewa ne da shi, in kana taɓa wayar disk yana ɓacewa to ba sai an je ko'ina ba. Wayoyin USB-C sun fi ruɗarwa don duk kamarsu ɗaya, amma mafi yawan waɗanda suke zuwa da wayar hannu na caji ne, layukan USB 2.0 kawai ke cikinsu. Sai mutum ya sayi NVMe mai tsada da kes mai 10 Gbps ya ɗauko wayar caja ya haɗa, ya ga 40 MB, ya ce an cuce shi. A ƙa'ida rami mai 5 Gbps yana ba da wajen 400 MB da ɗoriya in SSD ne, mai 10 Gbps wajen 1000. Disk mai juyawa na laftof kuwa ko a wane rami ka sa shi da wuya ya wuce ɗari da 'yan kai, iyakarsa kenan. Akwai kuma kes masu 20 Gbps da ake rubuta musu Gen 2x2, ramukan da suka iya wannan ba su da yawa, a kan Mac komawa 10 suke yi. Wasu kes ɗin Thunderbolt ne zalla, bakin USB-C ne da su amma in ramin kwamfutarka ba Thunderbolt ba ne ko motsi ba za su yi ba.

In Device Manager ta nuna Unknown USB Device da Code 43, tana cewa Device Descriptor Request Failed, ma'anarsa kwamfuta ta tambayi na'urar sunanta ba ta samu amsa ba. Ba a ma kai ga zaɓen direba ba balle a ce shi ne ya lalace. Waya ce, ko rami, ko wuta, ko aisin ya mutu.

Ga wani tarko na masu M.2, ƙananan SSD ɗin nan dogaye. Siffa ɗaya, yare biyu: akwai na SATA akwai na NVMe. Duba bakin inda zinaren yake, in tsaga ɗaya ce galibi NVMe ne, in biyu ce galibi SATA ne. Mai tsaga biyu yana zama daram a kes ɗin NVMe, ka ɗaure sukurunsa, fitila ta kama, kwamfuta ma ta ga kes ɗin, amma ta ce babu komai a ciki ko ta nuna sifili. Aisi irin JMS583 ko ASM2362 NVMe kaɗai ya sani. RTL9210B shi ne wanda ya shahara da iya duka biyun. Saboda haka in ka je kantin Jarir ko shagunan kwamfuta na titin Khalid bin Walid a Jidda, tafi da SSD ɗin a aljihu ko hotonsa, ka karanta kwalin da kanka ka ga an rubuta irin naka. Kuma NVMe yana zafi sosai, kes na ƙarfe da ɗan lallausan fef ɗin nan da ake mannawa a kansa ya fi na roba, in zafi ya yi yawa da kansa yake rage gudu. Da zafin ƙasar nan kuwa, barin disk a mota da rana ko na wane iri ne ganganci ne.

Yanzu mu ce wuta lafiya, waya lafiya, Device Manager ta gan shi ba wata alamar rawaya, amma bai fito a This PC ba. An wuce maganar USB kenan gaba ɗaya. Danna maɓallin Windows da R ka rubuta diskmgmt.msc, Disk Management za ta buɗe. A nan ne ake asarar kaya, saboda haka a hankali. In ka ga fatishin ɗin, wato kason disk ɗin, lafiya amma ba shi da harafi, ba shi harafi, an gama. In an rubuta Offline, sau da yawa disk ne da aka kwafa daga na cikin kwamfutar suka zo da shaida iri ɗaya, danna dama ka mai da shi Online. In daga Mac ya fito mai tsarin ajiyar fayil na APFS ko daga Linux mai ext4, Windows ba ta karanta su da kanta, ba lalacewa ya yi ba. Haka Mac tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kai. Wanda yake yawo da disk tsakanin biyun exFAT ya fi masa, FAT32 kuwa ba ta ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce 4GB. In kuma ya nemi mabuɗin BitLocker, lamba ce 48, ka duba asusunka na Microsoft, da yawa laftof na yanzu suna kulle disk mai ita bai ma sani ba, kuma in babu mabuɗin ba mai gyaran da zai buɗe maka.

Wanda ya fi wahalar ganewa shi ne na girman sekta, wato ƙananan gidajen da disk yake ajiye bayanai a cikinsu, kuma ya kamata duk mai babban disk ya san shi. Tsohon tsarin fatishin na MBR yana iya ƙirga sekta kusan biliyan 4.3 ne kawai, kowace sekta bayit 512, in ka lissafa wajen 2.2TB kenan, shi ya sa aka koma sabon tsari mai suna GPT. To lokacin da disk masu 3TB suka fito mutane suna kan Windows XP wadda ba ta san GPT ba, sai wasu masu ƙera kes suka yi dabara, aisin ya riƙa gaya wa kwamfuta cewa kowace sekta 4096 ce. Abin yana tafiya lafiya muddin disk yana cikin wannan kes ɗin. Ranar da kes ya mutu ka cire disk ka sa a wani, ko ka jona shi kai tsaye a cikin kwamfuta, sai duk lissafin wuraren ya goce, Windows ta ce RAW ko Unallocated ko ta ce a yi Initialize. Kayanka suna nan ko ɗaya bai taɓu ba. Maganinsa a samo kes mai irin wancan halin, ko a yi amfani da manhajar ceto irin TestDisk a kwashe zuwa wani disk daban. Kusa da wannan akwai tsofaffin aisi da ba sa iya ƙirga abin da ya wuce 2.2TB, su ne za ka sa disk mai 3TB su nuna maka 746GB. In ka ga wannan lambar kada ka rubuta komai a kai, kes ɗin ne ya tsufa. Shi kuwa 1TB da yake nuna 931GB wannan ba komai, bambancin ƙirga ne tsakanin kamfani da Windows.

Disk ɗin da aka sayo a rufe daga kamfani ma suna da nasu. Wasu samfuran WD My Book aisin da ke kes ɗin yana kulle bayanai da kansa ko ba ka sa kalmar sirri ba, in ka raba su disk ɗin zai zama kamar ba komai a kai, saboda haka ko kes ya lalace kada ka yar da allon. Su kuma My Passport da yawa ramin USB a jikin disk ɗin yake kai tsaye, in ka fasa ba za ka samu bakin SATA ba balle ka canza masa gida.

Duk saƙon da ya ce Format ko Initialize a kan disk ɗin da ka san akwai kaya a ciki, amsarsa Cancel ce. Ko mai shago ne ya ce maka sai an yi farmata, wato fomatin, ka ce masa a'a ya akhi, bari in kwashe tukuna. Haka chkdsk, umarnin Windows na gyaran disk, kada ka sake shi a kan disk da kake zargin yana mutuwa, gyaran da yake yi rubutu ne a kai, kuma yana wahalar da faifan da ya riga ya gaji.

Ta yaya za ka san disk ɗin ne da kansa? Manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, tana karanta rahoton lafiyar da disk yake ajiyewa, wato SMART. In ta nuna rawaya a kan Reallocated Sectors ko Current Pending Sector, fara kwashe mafi muhimmanci yanzu yanzu, risala kafin bidiyo. In ba ta ga disk ɗin ba sam alhali yana buɗewa, wannan ba hukunci ba ne a kansa, wasu aisin ne ba sa wucewa da tambayar SMART, a Linux akan ƙara -d sat a umarnin smartctl sai ya amsa. Hanya mafi yanke shakka dai ita ce musanya: wannan disk a wani kes, wani disk a wannan kes. A sakan na ɗalibai ba a rasa wanda za a ara a wajensa. In kuwa ka ba shi wadatacciyar wuta da waya mai kyau a kes mai kyau yana ta ƙwas ƙwas a jere, kashe shi, kowace jonawa ƙara ɓarna take, wannan aikin masu ceto bayanai ne da suke buɗewa a ɗaki marar ƙura, ba na teburin gida ba.

Sabunta famwaya, wato manhajar da ke cikin aisin, yana gyara wasu matsalolin yankewa da na barci, gaskiya ne, amma fayil ɗin da bai dace ba yana kashe kes nan take, kuma ana yinsa ne bayan an cire disk mai kaya an sa wani. Kafin nan gwada kashe USB selective suspend a Power Options, don wani kes ɗin in Windows ta sa shi barci ba ya iya farkawa. In za ka nemi taimakon wani kuma, kada ka ce masa kawai baƙi ne mai shuɗiyar fitila. Shiga Device Manager, Properties, Details, Hardware Ids, ka turo lambobin VID da PID. 152D JMicron ne, 174C ASMedia, 0BDA Realtek. Ka haɗa da hoton Disk Management, da girman disk ɗin, da irin ƙarar da yake yi in an jona.